Tambaya da Amsa: Katin Ɗaukar Bidiyo a Tsohuwar Kwamfutar Tebur

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan masu son kwashe bidiyo daga kaset, kyamara ko wata na'ura zuwa tsohuwar kwamfutar tebur, amma direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa kati da Windows, ya ƙi ba da haɗin kai. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da katin ɗaukar bidiyo irin na ramin PCI, ya yi mini aiki lafiya lau a kan Windows XP. Da na ɗora Windows 10 a kwamfutar nan dai, sai ga alamar ruwan ɗorawa a Device Manager da lamba 28. Faifan da ya zo da katin ma ya ƙi. Shin katin ne ya ƙone?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya a ce katin ya ƙone, Malam. Lamba 28 na nufin Windows ta ga na'urar amma ba ta da direbanta, katin da ya mutu kuwa galibi ko sunansa ba za ka gani ba.

Fara da gano IC ɗin da ke kan katin, wato ƙwayar lantarkin da ke yin ainihin aikin, domin shi ake rubuta wa direba, ba sunan da ke jikin kwali ba. A Device Manager, wato shafin Windows da ke jera na'urorin kwamfuta, danna na'urar sau biyu, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. Idan ka ga VEN_109E da DEV_036E, IC ɗinka Bt878 ne, wanda Brooktree ya ƙirƙira, daga baya Conexant ya ci gaba da yi. Irin wannan kati yakan fito a matsayin na'ura biyu, ta bidiyo da ta sauti mai lamba DEV_0878, kowace da alamarta. VEN_1131 da DEV_7134 na nufin Philips SAA7134, VEN_14F1 da DEV_8800 kuma dangin Conexant CX2388x. Ka kwafi lambar da ke bayan SUBSYS ma. Ita ce ke nuna kamfanin da ya harhaɗa katin, kuma tana da muhimmanci, saboda kati biyu masu IC iri ɗaya na iya bambanta a yadda aka jona mashigan bidiyo da na sauti.

Katanga biyu ce a gabanka. Ta farko: direban da aka rubuta wa Windows mai bit 32 ba ya taɓa hawa kan mai bit 64. Manhajoji na yau da kullum suna iya tsallakawa, direba ba ya iyawa, domin a cikin ƙwaryar tsarin yake aiki. Shi ya sa zaɓar Compatibility mode ba ya tsinana komai a nan: manhajar girkawa kawai yake ruɗa, ta gama aikinta ta ce an yi nasara, direban kuma ya ƙi tashi. Ta biyu: tun daga Vista, Windows mai bit 64 ba ta karɓar direban da ba shi da sa hannun lantarki, kuma daga fitowar 1607 ta Windows 10 a 2016 aka ƙara tsaurara sharaɗin a kan sababbin direbobi. Idan nan ka maƙale, lamba 52 za ka gani maimakon 28.

Ana iya ɗage binciken sa hannun: riƙe Shift ka danna Restart, bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, sannan ka danna 7. Amma na kunnawa ɗaya ne, kuma yana amfani ne kawai idan akwai direba mai bit 64 tun asali. Yawancin katunan Bt878 ba a taɓa yi musu shi daga kamfani ba.

Shawararmu ita ce a mayar da katin gidansa. Raba faifan ajiya, ko ka ƙara wani, ka ɗora XP ko Windows 7 mai bit 32, wadda takan karɓi direbobin XP da dama. Microsoft ta daina kula da XP a Afrilun 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020, don haka ka zare wayar intanet, ka bar wannan ɓangare ga aikin ɗaukar bidiyo kaɗai, ka riƙa kwashe fayiloli da faifan waje. Hanya ta biyu ita ce Linux, inda direbobin bttv, saa7134 da cx88 suke cikin tsarin tun fil azal. Umarnin lspci -nn zai nuna maka katin, dmesg ya faɗa maka ko an gane shi. Katunan Bt878 masu araha da yawa ba su da ƙwayar da ke ɗauke da sunansu, sai bttv ya ɗauke su a matsayin card=0, hoto ya ƙi fitowa daidai; sai ka nemo lambar katinka a jerin da ke cikin bayanan direban, ka rubuta ta a fayil cikin /etc/modprobe.d.

Kada ka ɓata lokaci da ɗora XP a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wani tsarin a cikin wani. A kan Windows ba ya miƙa katin PCI ga tsarin da ke ciki.

Tambaya: Nawa katin Hauppauge WinTV-PVR-150 ne, a kan Windows 7 mai bit 64. Direba ya hau, babu wata alama a Device Manager. Tun da na ƙara RAM daga gigabayit 2 zuwa 8, hoto ya zama baƙi.

Amsa: Wannan sananniyar iyaka ce ta katin, kamfanin da kansa ya bayyana cewa ba ya aiki a Windows mai bit 64 idan RAM ya kai gigabayit 4. Katunan PCI na wancan zamani suna zuba bidiyo kai tsaye cikin RAM ba tare da bi ta furosesa ba, kuma adireshin da suke iya rubutawa mai bit 32 ne, iyakarsa gigabayit 4. Idan tsarin ya ware wa katin wuri sama da nan, direban kuma bai iya kewaye matsalar ba, bidiyon ba ya isa inda ake jiransa.

Gwaji mai sauƙi: buɗe msconfig, shiga Boot, Advanced options, sa alama a Maximum memory, rubuta 3584, ka sake kunnawa. Idan hoto ya dawo, ka kama ɓarawon. Sai dai ka yi asarar fiye da rabin RAM ɗinka muddin alamar tana nan, don haka ka riƙa cire ta bayan ka gama ɗauka, ko ka yi ɓangaren Windows mai bit 32 na musamman, wanda dama ba ya ganin RAM ɗin da ya wuce wannan iyaka.

Tambaya: Malam, na sayi EasyCAP, ƙaramar na'urar ɗaukar bidiyo ta USB, don in mayar da kaset na VHS cikin kwamfuta. Direban da ke ƙaramin faifansa ya ƙi, na sauke guda uku daga intanet, duk sun ƙi. Wata ƙawata tana da irinsa sak, nata na aiki.

Amsa: Malama, robar waje ce iri ɗaya, cikin ba ɗaya ba ne. Masana'antu da dama ne ke zuba kayansu a wannan baƙar roba da wannan suna, kuma aƙalla IC huɗu aka sani a ciki, kowane da direbansa. Duba Hardware Ids kamar yadda muka faɗa a sama, a nan VID da PID za ki gani. 05E1 da 0408 Syntek STK1160 ne. 1B71 da 3002 Fushicai UTV007 ne. Wanda ya fara da EB1A na Empia ne, dangin EM2860. 1C88 kuma Somagic SMI-2021 ne, mafi wahalar sha'ani, domin sai direba ya fara loda masa ƙaramar manhajar ciki kafin ya canza lamba ya zama na'urar bidiyo. A Linux ma ba ya cikin direbobin da ke zuwa da tsarin, alhali sauran ukun suna nan da sunayen stk1160, usbtv da em28xx.

Kafin ki ɗora wanda ya dace, cire tarkacen da kika riga kika girka: Uninstall device, tare da sa alama a akwatin goge direban, ki zare na'urar, ki sake kunna kwamfuta. Idan ba haka ba, Windows za ta ci gaba da manna mata na farkon. Kuma ki guji manhajojin nan masu alƙawarin nemo miki kowane direba da dannawa ɗaya. Abin da suke shigowa da shi ya fi abin da suke gyarawa yawa.

Akwai iyakar da ba direban da zai ɗage ta. Bidiyo a tsarin talabijin na PAL ba tare da matsewa ba, ɗigo 720 a 576, bayit biyu kowane ɗigo, firam 25, wato hotuna 25, a sakan, ya kama megabayit 20.7 a sakan. Hanyar da USB 2.0 ke ware wa irin wannan kwarara marar yankewa ba ta wuce megabayit 24.5 ba. Na'urar ta cinye fiye da kashi huɗu cikin biyar. Idan kika jona faifan waje ko kyamarar hira a kan mai kula da USB ɗaya da ita, hoto zai riƙa tsagewa, ko ya yi koren layi a ƙasa. A soka ta a ramukan bayan kwamfuta kai tsaye, ba na gaba ba, ba kuma ta mahaɗa mai rassa ba, a kuma kashe USB selective suspend a Power Options.

Game da sauti: wasu masu STK1160 ba a sa musu IC ɗin sauti na daban ba, suna ɗauka a kan 8 kHz da murya ɗaya, kamar ana magana a tsohuwar wayar tarho. Idan naki haka yake, ki kai jan waya da farar zuwa ramin Line In na kwamfutar, mai launin shuɗi.

Tambaya: Ina da ƙaramar na'urar HDMI zuwa USB, an rubuta USB 3.0 da 1080p a jikinta. Kwamfutata Core 2 Duo ce. Ba ta nemi direba ba, amma hoton yana tafiya yana tsayawa, kamar ana jera hotuna ɗaya bayan ɗaya.

Amsa: Ba ta nemi direba ba saboda tana bin ƙa'idar UVC ta kyamarorin USB, wadda Windows ke ɗauke da direbanta tun XP SP2. Wannan alheri ne, amma yana nufin babu wani direban kamfani da za ka sabunta ka samu sauƙi. Lissafi ne ya kama ka.

Firam ɗaya na 1920 a 1080 a tsarin YUY2, wanda ba a matse ba, ya haura megabayit 4. Firam 30 a sakan megabayit 124 ke nan, 60 kuwa 249. USB 2.0 a takarda megabit 480 ce, wato megabayit 60, a aikace kuma rabin haka da 'yan kai, ga bidiyo ma ƙasa da haka kamar yadda muka nuna. Don haka na'urar ke rage gudu: firam 5 a sakan a 1080, firam 10 a 720. Abin da kake gani ke nan. Duba lambarta, idan 534D da 2109 ce, IC ɗin MacroSilicon MS2109 ne, kuma USB 2.0 ne zalla, ko da an shafa wa bakinsa shuɗin launi. Ko ka soka shi a ramin USB 3.0 na gaske, ba zai ƙara gudu ba.

Gyaran shi ne ka tilasta MJPEG. A manhajar ɗaukar bidiyo ta OBS Studio, shiga bayanan na'urar, mayar da Resolution/FPS Type zuwa Custom, zaɓi girman hoto da adadin firam da kanka, sannan a Video Format ka zaɓi MJPEG. Na'urar za ta matse kowane firam kafin ta turo, sai 30 a sakan ya samu shiga. Nauyin kuma ya koma kan furosesa: shi zai warware MJPEG, shi zai sake matsewa zuwa H.264, kuma Core 2 Duo ba shi da mataimaki, domin Quick Sync na Intel sai a 2011 ya fito, NVENC na Nvidia a 2012. A ganinmu 1280 a 720 da firam 30 shi ne abin da wannan injin zai ɗauka bai yi nishi ba, da manhajar matsewa ta x264 a kan veryfast ko superfast. Hoto mai 720 da ke tafiya sumul ya fi mai 1080 da ke tuntuɓe.

Ka lura da fitowar OBS ɗin ma. Daga ta 28 a 2022 an daina tallafa wa Windows 7 da 8 da duk mai bit 32. Ta ƙarshe da ke yi musu aiki ita ce 27.2.4. Sautin MS2109 kuma yakan bayyana a Windows a matsayin murya ɗaya mai 96 kHz, alhali murya biyu ce mai 48 kHz, kuskure ne a yadda IC ɗin ke gabatar da kansa.

Idan ka yanke shawarar sayen na'urar USB 3.0 ta gaskiya, kwamfutarka za ta buƙaci ƙarin katin USB 3.0 a ramin PCI Express, masu IC ɗin Renesas sun fi zaman lafiya. Abubuwa uku ke tsayar da mutane a nan. Windows 7 ba ta zuwa da direban USB 3.0, sai an ɗora na kamfanin. Katunan da yawa suna son wayar wuta daga ma'ajin wutar kwamfuta, Molex ko SATA, idan ba a jona ba na'urar za ta riƙa ɓacewa tana dawowa. Sannan gajeren ramin x1 na madabod ɗin wancan zamani, wato babban allon kwamfuta, galibi PCI Express na farko ne, megabayit 250 a takarda, ƙasa da haka a aikace: 1080 mai firam 30 zai wuce, mai 60 ba zai wuce ba. Idan akwatin kwamfutar siriri ne, ka tabbata katin ya zo da gajeren ƙarfen ɗaurewa.

Tambaya: Idan na ɗauki kaset na awa biyu, farkonsa daidai ne, amma can gaba sai baki ya motsa kafin magana ta fito, ko magana ta riga baki. Manhajar ɗauka ta VirtualDub kuma na nuna firam da yawa sun zube. Laifin direba ne?

Amsa: Wani ɓangaren nasa ne, amma ciwo biyu ne ke fitowa da alama ɗaya, sai an rarrabe su.

Na farko agogo ne. Katin bidiyo yana bin bugun da kaset ke bayarwa, katin sauti kuma yana bin nasa agogon, kuma ba su taɓa daidaita cif-cif. Bambancin kashi ɗaya cikin dubu ya isa ya ba da sakan 3.6 a awa ɗaya. Alamar wannan ita ce tazarar tana ƙaruwa a hankali, a kai a kai, ko da firam ko ɗaya bai zube ba. Tsofaffin direbobi da yawa ba sa ba wa firam hatimin lokaci mai inganci, sai manhaja ta rasa abin dogaro. A VirtualDub, cikin yanayin ɗauka, buɗe Capture, Timing, ka zaɓi daidaita sauti da bidiyo ta hanyar sake auna saurin sautin. Ka ɗauki sauti a PCM mai 48 kHz da bit 16, kada ka matse shi zuwa MP3 ana cikin ɗauka. Idan katin bidiyon yana da mashigar sauti tasa, yi amfani da ita.

Na biyu zubewar firam ce. Kowane firam na PAL milisakan 40 ne, 25 suka zube sakan guda ya tafi. A nan tazarar tsalle take yi. Ka kalli ma'aunin zubewar yayin ɗauka. Idan yana hawa daidai inda kaset ya lalace, ko inda aka tsayar da kyamara aka sake kunnawa, kuma a wuri ɗaya duk lokacin da ka maimaita, to siginar kaset ce ke rawa, IC ɗin ya kasa riƙe ta. Wannan sai na'urar daidaita lokaci da ake kira TBC, ko na'urar kunna kaset mai ita a ciki, ko a bi da siginar ta cikin wasu na'urorin naɗar DVD masu gyara layi. Canza direba ba zai taɓa shi ba.

Idan kuwa zubewar ba ta da wuri, kwamfutar ce ba ta kai ba. Bidiyo marar matsewa kusan gigabayit 75 ne a awa. Yi amfani da tsarin matsewa na Huffyuv, wanda ke rage shi zuwa rabi ko ƙasa ba tare da asarar inganci ba, kuma bai cika wahalar da furosesa ba. Lagarith ya fi shi matsewa amma ya fi shi nauyi. Ka zuba a faifai na biyu, ba wanda Windows ke kai ba. A XP da faifan IDE, duba Primary IDE Channel, Advanced Settings, Current Transfer Mode. Idan ka ga PIO mai jinkiri maimakon Ultra DMA mai sauri, nan gizo ke saƙa: XP takan sauke faifai zuwa PIO da kanta bayan kurakuran karatu sun maimaitu, ba kuma ta mayar da shi. Cire wannan tashar a Device Manager ka sake kunnawa, sannan ka tabbata wayar faifan mai silli 80 ce, ba mai 40 ba.

Sai hanyar PCI kanta. Dukkan ramukanta megabayit 133 suke rabawa tsakaninsu, layukan kiran furosesa kuma huɗu ne kacal, don haka katin ɗauka yakan yi tarayya da katin sauti ko na sadarwa. Cire duk katin da ba ka buƙata, ka gwada mayar da na ɗaukar wani ramin, nesa da katin hoto. Kashe Wi-Fi da manhajar riga-kafi kafin ka fara. A Windows 7 zuwa sama, manhajar LatencyMon za ta nuna maka sunan direban da ke riƙe furosesa fiye da ƙima, kuma sau da yawa ba na katin ɗaukar ba ne.

Wani mai karatu ya ce tasa ɗaukar tana yankewa ne bayan minti uku da rabi. Faifansa FAT32 ne, wanda fayil ba ya wuce gigabayit 4 a kansa. Umarnin convert D: /fs:ntfs zai mayar da shi NTFS, a sa harafin faifan a madadin D, bayan an kwafe muhimman abubuwa zuwa wani wuri.

Tambaya: Hoto yana fitowa, amma baƙi da fari ne. Kuma tsayinsa ya ƙi wuce layi 288.

Amsa: Rashin launi galibi daga saiti ne. Direbobi da yawa suna tashi a kan NTSC, wani tsarin talabijin na daban mai ɗauke launi a 3.58 MHz, alhali PAL na ɗauke nasa a 4.43 MHz. Buɗe bayanan na'urar, shafin Video Decoder, ka canza Video Standard. Wasu direbobin suna mantawa duk lokacin da aka rufe manhaja, sai an sake. Duba Crossbar kuma: idan waya mai ruwan ɗorawa ka jona amma aka zaɓi S-Video, baƙi da fari za ka samu.

Idan kaset ɗin NTSC ne kake kunnawa a na'urar kunna kaset ta PAL, abin da ke fitowa gauraye ne, layuka da gudu na NTSC, launi a 4.43, wato PAL-60 ko NTSC 4.43. Talabijin na karɓarsa, direbobi da dama ba su da shi a jerinsu ko da IC ɗin ya iya. A Linux ana samun zaɓin sau da yawa da v4l2-ctl -s pal-60.

Batun 288 halin dangin Bt848 da Bt878 ne. Firam na PAL rabi biyu ne masu layi 288 kowanne. Idan manhaja ta buɗe mafitar kallo da ta ɗauka lokaci guda, direban yakan ba kowace rabi ɗaya. A VirtualDub ka daina amfani da Overlay, ka kashe kallon ko ka sa shi ya fito daga mafitar ɗaukar, sannan ka sake zaɓar 720 a 576. Za ka ga haƙora kamar na matsefi a gefen abu mai motsi. Ba lalacewa ba ce, ka bar su, a gyara bayan an gama ɗauka.

Tambaya: Kyamarata mai kaset ɗin MiniDV ce. Na sa katin FireWire, Windows 10 ta ga katin amma ba ta ga kyamara ba. Zan iya sayen wayar FireWire zuwa USB in huta?

Amsa: Kada ka saya. Harsunan biyu ba sa jin juna, waya kawai ba za ta fassara ba, tana ma iya lalata ramin kyamarar.

A DV bidiyon ya riga ya zama lambobi a kan kaset, megabit 25 a sakan, kusan gigabayit 13 a awa, kwafa kawai ake yi, ko tsohuwar Pentium 4 za ta iya. Matsalar daga direban FireWire ne da Microsoft ta sake rubutawa a Windows 7, wanda wasu kyamarori ba sa shiri da shi. A Windows 7 tsohon yana nan: Update driver, zaɓi daga jerin da ke kwamfuta, ka ɗauki 1394 OHCI mai kalmar Legacy a ƙarshen sunansa. Daga Windows 8 an cire shi, sai an sauke kunshin KB2970191 a girka, sannan a zaɓe shi ta wannan hanyar. Babban sabunta Windows na iya mayar da sabon, sai a sake. Katuna masu IC ɗin Texas Instruments su aka fi yabo wajen kyamarori.

Sa kyamarar a PLAY ko VCR, a kan wutar caja. Ka kashe kwamfuta da kyamara kafin ka jona waya: baki mai fil shida yana ɗauke da wuta, mai huɗu na kyamara ba ya ɗauka, kuma sokawa a karkace da wuta a kunne ta ƙona ramukan kyamarori da yawa. Idan kwamfuta biyu da waya biyu duk sun kasa ganinta, ana zargin abin da ya riga ya faru ke nan. Manhajar WinDV ta isa kwafe DV; idan kyamarar HDV ce, manhajar HDVSplit ake nema.

Tambaya: Na mayar da tsohon katina zuwa madabod mai H61 da ke da ramin PCI. Yana aiki na ɗan lokaci, sai hoto ya daskare.

Amsa: H61, wato IC ɗin Intel da ke sarrafa madabod ɗin, ba shi da PCI na asali. Ramin da kake gani yana bi ta wani IC mai yin gada daga PCI Express, irin su ASMedia ASM1083 ko ITE IT8892, kuma fitowar farko ta ASM1083 an san ta da rikita kiran furosesa. Sabunta BIOS, kashe tanadin wutar PCI Express a Power Options da ASPM a BIOS. Idan bai daina ba, nemi madabod mai B75, Q67 ko Q77, waɗanda PCI ɗinsu na asali ne, ko ka mayar da katin tsohuwar kwamfutarsa.

Tambaya: Jiya komai na aiki. Windows 10 ta sabunta kanta da dare, yau manhaja na cewa ba ta iya buɗe na'urar, Device Manager kuma bai nuna matsala ba.

Amsa: Tun fitowar 1803 a 2018, Windows 10 na lissafa na'urorin ɗaukar bidiyo a cikin kyamarori. Shiga Settings, Privacy, Camera, ka kunna izinin shiga, har da na manhajojin tebur da ke can ƙasan shafin. Yi haka a Microphone ma domin sauti. Rufe duk wata manhajar da ka iya riƙe na'urar, domin yawancin tsofaffin direbobi mutum ɗaya suke saurara a lokaci guda.

Idan ba nan ba ne, duba shafin Driver ka ga ko kwanan watan direban ya canza, ka danna Roll Back Driver idan maɓallin na raye. Idan daga baya lamba 39 ta fito, leƙa Windows Security, Device security, Core isolation: Memory integrity na hana tsofaffin direbobi tashi, kuma yakan jera sunayen waɗanda bai yarda da su ba. Kashe shi na rage tsaron kwamfutar, don haka mun fi son a yi hakan a injin da aka keɓe wa ɗaukar bidiyo kawai. Idan kuma hoton baƙi ne daga na'ura ɗaya tak ta HDMI, sauran suna fitowa, kariyar hana kwafi ta HDCP ce daga can ɓangaren. PlayStation 4 na da wurin kashe ta a saitinsa domin ɗaukar wasa, PlayStation 3 kuwa ba shi da shi, sai a bi ta wayar component mai kai uku ja, kore da shuɗi, da katin da ke karɓarta.